Ƙusa Huɗu a Tagar Yaya

Ranar da Auta ya buga wa tagar ƙusa ina zaune a kan keken ɗinkina, ina jin kowace guduma kamar a tsakiyar kaina take sauka. Ƙusa huɗu ya buga. Da ya gama ya ja da baya, ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa, sai ka rantse asibiti ya gina wa jama'a.

Gidan nasa ne, ni haya nake a ɗakin farko, ina ɗinki. Shagonsa na wanki da guga yana jikin gidan ta bakin titi, da gilashi da fanka da kujerar zaman baƙi. Amma aikin da ya fito da sunan shagon ba a can ake yin sa ba. A wani ɗan ɗakin ajiya ake yi, can ƙarshen baranda, kuma yayarsa ce ke yi. Kowa Yaya yake ce mata, har da ni. Ita kaɗai ke ce masa Auta, duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu. Ni ma a nan Auta zan kira shi, don ba shi da wani girma da ya rage a wurina.

Akwai kayan da ruwa ke lalatawa: kwat, siliki, riga mai adon duwatsu, labule mai nauyi. Irin waɗannan da magani ake wanke su, kuma hannun Yaya ne ya san kansu. Za ta shafa yatsa a kan tabo ta gaya maka ko mai ne, ko tawada, ko jan baki. Ta san inda ake dangwalawa da auduga, ta san inda ake bi da burushi, ta san inda in ka goga sau ɗaya ka kashe rigar mutane. Waɗannan yatsu goma su ne abincinta a gidan, su ne katifarta. Ita ma ta san da haka, shi ma ya sani.

Maganin da suke amfani da shi a da wari gare shi kamar me, har titi ake jin sa, don haka dole ƙofa da taga su kasance a buɗe. Sai Auta ya samo sabo. Fari tas kamar ruwan sha, ba ka jin warinsa sai ka kai hanci bakin jarka. In ya taɓa fata, kafin ka ɗago kai ya bushe ya bar wurin da sanyi. Ba ya barin zobe a jikin yadi, ba ya cin launi. Auta ya yi ta murna har kwana uku, sannan ya lura da cewa in an zuba shi a baho da safe, kafin azahar ya ragu ko da ba a taɓa shi ba.

"Iska ce ke shanye min shi," in ji shi. Shi ne ya ɗauko guduma.

"Auta, numfashi fa?" Yaya ta tambaya daga kan 'yar kujerarta.

"Wane numfashi kuma, Yaya? Wancan mai warin ne ke cutarwa. Wannan na zamani ne, shaƙa ki ji. Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To kin gani."

Ƙofar kuma matarsa ce ta rufe ta. Ta ce hayaƙin girki yana shiga kayan mutane, ta ce yara suna leƙawa. Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ba ta taɓa zama a cikin ɗakin na minti goma ba, ko sau ɗaya.

Mako biyu ba su cika ba hannun Yaya ya yi fari kamar ta tsoma shi a toka. Sai fatar ta fara tsagewa ta gaɓoɓin yatsu. Aikin maganin ke nan, cin maiƙo, kuma bai san bambancin maiƙon miya a wuyan kwat da maiƙon jikin mutum ba. Da yamma takan zo bakin ƙofata ta zauna, in ɗebo man shafawa in mulke mata. Wani wurin in na taɓa sai ta ja iska ta haƙori.

Na tare shi a baranda na ce, "Mai Shago, ka sayo wa Yaya safar hannu mana."

Ya ce ai ya sayo. Kuma ya sayo ɗin, irin siririyar nan ta masu rina gashi. Da ta shiga maganin sai ta kumbura ta yi laushi ta yage. Daga nan ya yanke hukunci cewa duk duniya babu safar da ke jure shi.

"Kuma ma," ya ƙara, "da safa ba ta jin tabo a yatsa. Aikin ne haka. Ke ma ai allura tana sukan ki, kin daina ɗinki?"

Bayan hannu sai kai. Yaya ta fara fitowa daga ɗakin tana dafa bango. Za ta zo wurina da magana a bakinta, ta tsaya, ta rasa me ya kawo ta. Mace mai tsabta da kaifin baki, wadda in ta yi maka ba'a sai ka yi dariyar kanka, ta koma magana a hankali kamar mai tashi daga barci. Ciwon kai ba ya sakin ta sai ranar da ba a buɗe shago ba. Wata rana da tsakar rana matar Auta ta tura ƙofa ta same ta kwance a kan tulin kaya, baki buɗe.

Ba ta ɗaga ta ba. Mijinta ta je ta kira.

"Zo ka ga aikin da ake yi maka. Kai kana can kana ba mutane haƙuri, ita tana nan tana sharar barci."

Ya zo ya tsaya a kanta. "Yaya! Haba Yaya, da girmanki?"

Ta miƙe da ƙyar tana neman ɗankwalinta, tana cewa, "Yi haƙuri, Auta, ban san ya ɗauke ni ba." Haƙuri take ba shi! Ina tsaye da almakashi a hannu, sai da na ajiye shi don ban yarda da kaina ba.

Da yamma matar ta shigo ɗakina wai a rage mata wuyan riga, ta rage murya ta ce, "Ni fa, Mai Ɗinki, ina zargin ko tana shan wani abu a ɓoye. Kin ga yadda take tangaɗi? Kin ji maganarta?"

Na ce, "Ƙwarai tana sha. Ta hanci take sha, ku ne kuke ba ta, daga safe har la'asar."

Ta ɗauki rigarta ta fita, ba a rage wuyan ba.

Washegari da na je kasuwa sayen zare na biya ta layin masu sayar da sinadarai. Na ɗauki hoton takardar jikin jarkar a wayata, na nuna wa wani dattijo da ke zaune a ƙofar shagonsa. Na lura a waje yake zaune, ba a ciki ba.

"Wannan ai ɗan gidan su fetur ne," ya ce. "An tace shi ne aka cire masa wari. Masu buga takardu suna wanke inji da shi, masu takalma suna sirka gam, makanikai suna cire baƙin mai. Kaya ne mai kyau. A ina ake aiki da shi?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Taga a rufe? Baiwar Allah, abin da ya ragu a bahon nan ina kike zaton yake zuwa? Tururi yake zama. In taga na buɗe ya fita, in tana rufe ya shiga ƙirjin wanda ke ciki. Kuma tururinsa ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya. A tsaye take aikin ko a zaune?"

"A kan 'yar kujera, baho a gabanta."

"To a cikinsa take zaune tsundum." Ya nuna hoton harshen wuta a jikin takardar. "Ga babbar. Mutane suna zaton sai wuta ta taɓa ruwan. A'a. Tururin yana bin ƙasa kamar ruwan da aka zubar, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya je ya sami wuta inda take, ya jawo ta har gida. In ta kama kuma kada a zuba ruwa, a kan ruwan yake tasowa ya bazu. Yashi, ko bargo mai kauri. Safa kuma akwai tasa, mai kauri, ga ta can a rataye."

Na sayi safar. Na dawo gida da zafina, na sami Auta a shago yana rataye kwat a leda, na zazzage masa duk abin da na ji.

Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi. "Kin gama? Shekara nawa ina wannan sana'a? Kin taɓa ganin na shiga ɗakin nan da ashana? Ko dutsen guga ba na bari a shigar. Doka ce. Shi mai sayar da kayan ai so yake ya ƙafe in koma in sayi wani, ke ba ki gane ba?"

"Yayarka fa tana faɗuwa."

"Shekaru ne. Hawan jini ne, duk gidanmu muna da shi. Kuma wa ya riƙe ta? Wa ke ciyar da ita? Da ba don ni ba ina za ta? Mutane ba sa ganin alheri, sai abin magana."

Safar kuwa ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce ta yi kauri, za ta ja zaren siliki. Ya jefa ta a aljihun tebur.

Da ya fita kai kaya na ɗauki filaya na zagaya bayan ɗakin na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Tagar ta buɗe. Na ga Yaya ta ɗago kai ta lumshe ido, iska tana kaɗa bakin ɗankwalinta. Ranar har ba'a ta yi min, ta ce in ɗinki ya ƙi ni in koma sata, hannuna ya faɗa.

Kwana ɗaya tagar ta yi a buɗe. Auta ya mayar da ƙusoshin, ya ƙara katako a gicciye, sannan ya zo ƙofata ya wanke ni tas a gaban masu kawo ɗinki. Ya ce ɗaki ya ba ni haya, bai ba ni gidan ba. Ya ce in na sake taɓa masa kaya in nemi inda zan kai kekena.

Wannan bai karya min gwiwa ba kamar zuwan Yaya. Ta zauna a inda ta saba, ta miƙo hannu ina shafa mata mai, ta ce, "Ƙanwata, don Allah ki bar shi. Ni na goye shi, na san halinsa, in aka matsa masa taurin kai yake ƙarawa. In na ce ba zan yi ba, me zan zauna in ci a matsayinsa? Zaman me nake yi?"

"Zaman yayarsa."

Ta yi 'yar dariya. "Wannan ba ya cika kwano."

Na bari. Wannan ita ce gaskiyar da ba na son faɗa. Na ji tsoron ɗaukar keke a ka ina neman ɗaki, na ce ai na yi iya yina, na koma ina taka kekena da ƙarfi don kada in ji tarinta. Ina jin haushin Auta, ina jin haushin matarsa, amma har yau in na tuna makonni ukun da na yi shiru, kaina nake fara zagi.

Sai aka kawo labulayen wani otal, guda goma sha biyu, masu nauyi, ana son su ranar Alhamis da la'asar. Waɗannan ba aikin auduga ba ne, sai an jiƙa. Auta ya kawo babban baho, ya juye jarka guda a ciki. Ranar Alhamis aka tashi da ruwan sama, wutar lantarki ta ɗauke tun safe. Labule takwas sun bushe suna jiran guga, huɗu suna hannun Yaya a ɗaki.

Ya ɗauko tsohon dutsen guga na gawayi. Tsakar gida ruwa, shago kuma ba ya son toka ta taɓa kayan mutane. Wuri ɗaya ne busasshe, ƙarshen baranda. Nan ya durƙusa, taku biyu daga ƙofar Yaya, ya ajiye dutsen a ƙasa ya hau fifita.

Na leƙo na gan shi. "Mai Shago! Ɗauke wutar nan daga nan!"

"A ciki kika gan ni?" ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Ga ƙofa a rufe, ga ni a waje. Ke dai ba kya gajiya."

Ya ƙara fifitawa, tartsatsi ya tashi. Da idona na ga wani siririn harshen wuta shuɗi ya kwanta a kan siminti, ya ruga ya shige ta ƙarƙashin ƙofar. Sai wani gum, kamar an saki buhu daga sama, ƙofar ta bugo waje.

Hannun Yaya biyu suna cikin bahon tana matse labule. Ta fito da su a sama suna ci da wuta har gwiwar hannu, ba ta ma yi ihu ba, kallon su kawai take yi. Matar Auta ta sheƙa bokitin ruwa cikin ɗakin, wutar ta hau kan ruwan ta biyo shi baranda. Na fizgo bargon gadona na rufe Yaya da shi, na rungume ta muka faɗi tare. Makanikan da ke tsallaken titi su suka zo da yashi da tukunyar kashe gobara. Auta yana tsakar gida cikin ruwan sama, gira a ƙone, yana ihu, "Labulayen! Ku fito da labulayen!"

Kwana arba'in da ɗaya ta yi a asibiti. Auta ya zo sau biyar, na ƙirga. Duk zuwan da zai yi sai ya tarar da 'yan dubiya, kuma bakinsa bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ƙaddara ce. Tsautsayi ne. Kamfanin ne bai rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe ba. Ga wata gwaggonsu kuwa cewa ya yi, "Mun sha gaya mata ta riƙa kula, amma kin san Yaya, kwanan nan hankalinta ba ya jikinta." Da likita ya tambayi yadda abin ya faru, Yaya ta dubi ƙaninta, ta dubi silin, ta ce ba ta tuna ba. Ni na tuna, na kuma faɗa. Likitan ya rubuta, ya girgiza kai, aka kira shi wani gado.

Rai ya tsira, hannu bai tsira ba. Yatsun sun lanƙwashe sun manne, uku a dama ba sa motsi sam. Cokali sai an ɗaura mata shi da ƙyalle.

Kafin a sallamo ta Auta ya ɗauki ma'aikaci, wani magidanci da ya taɓa aiki a babban kamfanin wanki. Mutumin ya leƙa ɗakin sau ɗaya ya ce shi ba zai yi aiki a kabari ba. Cikin kwana biyu aka yi masa rumfa a bayan gida, buɗe ta kowane gefe, aka kafa tebur mai tsayi, aka sayo baho mai murfi. Ashe duk ana iyawa. Bambancin kawai shi in an ƙi zai ɗauki jakarsa ya tafi.

Yaya ta kwana shida a gidan bayan sallama. A na bakwai mota ta tsaya a ƙofa da hantsi. An shirya za ta koma wurin gwaggon nan tasu, tsohuwar da ita kanta sai an taimaka mata take tashi.

"Can za ki fi samun hutu, Yaya," in ji Auta. "Nan ga hayaniyar yara, ga mamansu aiki ya yi mata yawa. Da kin warware sai ki dawo."

Ni na haɗa mata kaya, ni na ɗaura mata ɗankwali. Matar Auta ta tsaya daga ciki tana cewa Allah ya kiyaye hanya. Yaya ta shiga bayan motar ta zauna, ta ɗora hannayen a cinya. Direba ya tayar da inji. Sai ga Auta ya dawo da sauri daga shago, da wata farar rigar siliki a kafaɗa, ya sunkuya ta ƙofar motar.

"Yawwa Yaya, kafin ki tafi. Tawada ce a aljihun nan, mutumin ya yi ya yi ta ƙi fita, kuma mai rigar babban mutum ne. Me kike yi mata ne? Faɗa min in gaya masa."

Na zaci za ta faɗa masa. Duk rayuwarta faɗa masa take yi. Ta daɗe tana kallon rigar, sannan ta ɗago hannayen nan biyu a hankali, ta kai su daidai fuskarsa, kusa har sai da ya ja kai baya.

"Ga shi nan, Auta. Duk abin da na sani a nan yake. Cire ka kai masa."

Bai dubi hannun ba. Waige-waige ya yi, ya ga ko makanikan sun ji, ya ga ko direba ya ji. Sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Yaya ke nan," ya juya da rigarsa, don wani ya tsaya a shago yana sallama.

Ƙofar motar tana nan a buɗe. Ta kai hannu za ta jawo ta, yatsun suka zame daga mariƙin. Ta sake kaiwa suka sake zamewa. Ni na rufe mata.